Amarcin Magnolia a Garejin Lonzo

"Duk wanda ka ga ya haɗa macizai ya samu ƙwai a jihar Florida, to ɗayan biyu ne. Ko ni na koya masa, ko ya leƙa ta tagata ya sata."

Lonzo Gaskin ke nan, mai shagon sayar da taya, yana tsaye ya soke babban yatsa a bel ɗinsa, tumbi ya riga shi isa gaban teburi. A taron ƙungiyar masu kiwon macizai na garinmu yake wannan jawabi, cikin shekarar 1984. Kada ka ce ranar ce farau. Duk Asabar ɗin farkon wata sai ya yi shi, har akwai waɗanda suka haddace, suna motsa baki tare da shi.

Bari in gaya maka gaskiya tsakanina da kai. Shekara tara Lonzo yana ƙungiya, ko ƙadangare bai taɓa ƙyanƙyashewa ba. Sau ɗaya wata macijiya ta yi masa ƙwai goma sha biyu bisa kuskure. Kowane sabon shiga ya san ƙwan maciji yadda aka ajiye shi haka ake barinsa, ba a juyawa. Gogan naka ya ce shi jikan mai kiwon kaji ne, ya bi su yana juyawa safe da yamma da cokalin shayi. Sati uku maƙwabta suka fara tambaya ko wani abu ya mutu a unguwa. Tun daga nan ake kiransa Farfesan Gareji, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har amsawa yake yi.

Abin da yake hana Lonzo sakat shi ne bangon zauren taro. A jikinsa akwai hotunan mutum bakwai, magabatan ƙungiya. Doka ɗaya ce: ba a rataya hotonka sai ka yi abin da ba wanda ya taɓa yi kafinka, kuma a gaban shaidu. Lonzo yana son hawa bangon nan kamar ransa zai fita. In ana taro rabin hankalinsa yana kan wani ɗan fili da ya rage kusa da agogo.

Sai Allah ya jefo masa rabo. Matarsa Verna ta je ɗakin wanki ta tarar da wata ƙatuwar macijiya fara fat a bayan injin wanki, irin waɗanda muke ce wa sarkin macizai. Verna ta kife mata kwandon kaya, ta ɗora bulo, ta koma ta ƙarasa shanya. Kafin labari ya iso ƙungiya ya zama Lonzo ya yi kwana uku a fadama, ruwa iya wuya, ya ƙwato ta daga bakin kada. Ya raɗa mata suna Magnolia.

Farin sarkin macizai ba abin wasa ba ne a lokacin. A duk yankin namiji ɗaya ne fari, wani ɗan siriri mai suna Percy, kuma yana hannun Odessa Pruitt, tsohuwar malamar makaranta da kowa yake kira Inna. Ita kaɗai ce mace a bangon, kuma ita ce ta fara nuna wa mutanen garin yadda ake sanyaya maciji ya yi barcin hunturu kafin a haɗa shi da mace. Shekara shida tana nema wa Percy farar mata, sai ga ta a hannun mutumin da ba ta yarda ta ba shi ajiyar tsintsiya ba. Amma ba yadda ta iya. Lonzo ya rantse Magnolia ba za ta kwana a gidan kowa ba, in ana son aure sai dai ango ya tare a gidan amarya. Aka yi yarjejeniya irin ta masu kiwo: aron namiji, in an ƙyanƙyashe a raba 'ya'ya biyu. Wanda aka ƙyanƙyashe fararen farko a gidansa kuwa, shi ne na takwas a bango.

Ranar da ta kawo Percy cikin rigar matashi, ta tsaya a bakin gareji ta ƙi sakin bakin jakar.

"Lonzo, abu uku zan gaya maka. Ka sanyaya su wata biyu, kowa da akwatinsa. In sun farka ka ciyar da ita sati uku, sai ta ƙoshi har ta ƙi ɓera. Na uku, in ka haɗa su, ka zauna a wurin, ko fitsari kada ka je. Ka san irin nan maciji suke ci."

"Haba Inna. Ni za a karanta wa wannan? Baƙon maciji suke ci, irin su macijin nan mai ƙararrawa a wutsiya. Ina kika taɓa jin mace ta cinye mijinta?"

"Na gani da idona sau biyu."

"A hannun waɗanda ba su iya ba."

Inna Odessa ta dube shi ta saman tabarau, ta juya ta dubi Verna. Verna ta ɗaga kafaɗa, ta ce ita shekara ashirin da biyu tana fama, ba ta da abin ƙarawa.

Aka zo maganar sanyi. Florida dai ka san ba ta da hunturun kirki, dole sai da dabara. Dabarar Farfesa ita ce firjin Verna. Ya kwashe kayan miya daga ƙasa, ya zura akwatunan roba biyu, ya yi shiru bai gaya wa kowa ba. Ran Lahadi matan coci suka zo ɗaukar abincin da Verna ta yi alkawari. Matar fasto, sarkin karambani, ta buɗe firji da kanta, ta jawo akwati tana cewa, "'Yar'uwa Verna, wannan ne salak ɗin dankalin?" Ta ɗaga murfi, Magnolia ta ɗaga kai ta zaro mata harshe. Ba wanda ya san matar fasto tana iya tsallake shinge sai ranar, takalminta ɗaya ma sai daga baya aka aika mata da shi gida.

"Zaɓi ɗaya," in ji Verna da suka watse. "Ko su fita daga firjin nan, ko kai ka shiga ka same su."

"Ke ba ki san kimiyya ba."

"Na san inda na ajiye tabarya."

Aka koma gareji. Lonzo ya sayo ƙanƙara buhu-buhu ya jera, ya kunna fanka uku, ya toshe ƙasan ƙofa da tsofaffin tayoyi. Kwana biyu ƙanƙara ta narke, ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofar kicin ya jiƙa kafet, fanka ɗaya ta yi tartsatsi ta ɗauke wutar gidan gaba ɗaya. Daga ƙarshe Verna ce ta kira Inna Odessa a ɓoye, aka aro musu tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki. A taro na gaba Lonzo ya miƙe ya yi bayanin sabuwar hanyar sanyi da ya ƙirƙiro, ya ce sunanta Tsarin Gaskin, kuma yana tunanin rubuta littafi a kai.

Macizai suka yi barcinsu suka tashi, cikinsu fayau. Saura ciyarwa. Kowa a ƙungiya wurin mai kiwon ɓeraye yake saye, amma Lonzo ya ce babban mai kiwo ba ya dogara da kowa, shi zai kiwata nasa. Ya sayo ɓeraye talatin ya zuba su a kwalin talabijin. Kwali fa, na takarda. Kafin gari ya waye ko ɗaya babu. Suka watsu a gidan, suka yi aure suka hayayyafa a cikin kujerun falo da kabad ɗin Verna. Wannan ne kiwo ɗaya tilo da ya taɓa yi wa Lonzo albarka, sai dai ba ya iya kama ko guda. Ya yini yana rarrafe da kwandon taliya a hannu, su kuwa suna wucewa ta tsakanin ƙafafunsa.

"Ka je ka sayo mana," in ji Verna. "Macijiyar nan wata uku rabonta da abinci."

"In je in sayo, a ji a gari Lonzo Gaskin ya kasa kiwon ɓera? Kuma ma na yi nazari. Ƙoshi shi ke kashe sha'awa. Dubi ni, in na ci na ƙoshi me nake yi?"

"Minshari."

"To kin gani. Yunwa ke kawo soyayya. Wannan shi ne kashi na biyu na Tsarin Gaskin."

Ya riga ya cika baki cewa a taron watan Afrilu zai zo da albishir. Ranar Asabar ɗin kuwa ta iso, bai ko haɗa su ba. Da sassafe ya ɗauko Percy, ya saka shi a akwatin Magnolia, ya tsaya yana kallo. Magnolia ta ɗago kai, ta ƙura wa ango ido, harshe yana fita yana komawa da sauri.

"Verna, zo ki ga so. Ko ƙiftawa ba ta yi."

"Maciji ba ya ƙifta ido, Lonzo. Inna ta ce ka zauna a wurin."

"Amarya da ango a zauna a kansu? Ke za ki yarda? Ai kunya ce take hana su a gidan Inna, shi ya sa take shan wahala." Ya rufa musu tawul, ya ja ƙofar gareji a hankali, ya zo ya zauna gaban faten tsakin masara da soyayyen ƙwai.

Suna cikin ci aka fara jin kwaram-kwaram daga gareji, akwati yana bugun bango. Verna ta ajiye cokali ta miƙe. Lonzo ya riƙe mata hannu, ya kashe mata ido ɗaya.

"Zauna. Amarci ne."

Ya ƙara faranti, ya sha kofi biyu, ya yi aski, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci. Sannan ya je ya yaye tawul. Magnolia tana kwance ta miƙe sambal, ta yi kauri kamar tiyon motar kashe gobara. Percy kuwa babu shi babu alamarsa.

Yanzu kai da kake zaune lafiya ka riga ka san inda Percy yake. Verna ma da ta leƙo ta sani. Shi kansa Lonzo, in za a faɗi gaskiya, tsoro ya kama shi sosai. Amma in ya yarda da abin da zuciyarsa take raya masa, ya yarda ke nan Inna Odessa ta fi shi sani, wannan kuwa ya fi masa mutuwa ciwo. Sai ya dubi murfin akwati, ya ga wata 'yar kafa da ko zare da ƙyar zai bi, ya nuna ta da yatsa.

"Ta nan ya fita. Ya gama aikinsa ya gudu, halin maza."

"Lonzo, dubi cikinta."

"Na gani mana. Ƙwai ne."

"Cikin awa ɗaya?"

"Tsarin Gaskin ke nan. Abin da Inna take jira sati shida, ni na yi shi kafin kofi ya huce."

Duk da haka ya nemi Percy, nema na haƙiƙa. Ya kifar da kujeru, ya zazzage kabad, ya zura hannu bayan injin wanki har wuta ta ja shi. Ba abin da ya fito sai ɓeraye, iyaye da 'ya'ya da jikoki. Da ya ga ƙarfe goma ta kusa, ya karkaɗe riga, ya zura Magnolia a rigar matashi, ya jefa ta gaban a-kori-kura. Verna ta ce ita ma za ta je. Shekara tara ba ta taɓa taka zauren nan ba, amma ta ce yau ko da rarrafe sai ta ga ƙarshen abin.

Maciji in ya ci ya ƙoshi ba a ko taɓa shi sai ya kwana biyu, wannan ma sabon shiga ya sani. Lonzo ya bi da ita ta hanyar gonakin lemo don ya yanke, hanya duk ramuka, rana ta buɗe, mota ba iska. Duk ramin da suka faɗa sai jakar ta yi tsalle ta dawo.

Zaure ya cika, mutum ya kai arba'in. Shugaban ƙungiya, Mista Elwood Tackett, dattijo mai magana ɗaya-ɗaya, bai gama buɗe taro ba Lonzo ya kutsa gaba.

"Shugaba, a dakatar da komai. Mai hoto ya matso. Yau za ku ga abin da kakanninku ba su gani ba."

Ya zaro Magnolia ya ɗaga ta sama da hannu biyu. Zaure ya ɗauki guna-guni, don kuwa kaurin ya isa a yi magana. Ya bi layi-layi yana nuna ta, yana cewa kowa ya taɓa ya ji albarka. Ya naɗa ta a wuya, ya warware, ya sake ɗagawa don mai hoto ya samu haske.

Inna Odessa tana layin gaba da jakarta a cinya. Ta miƙa hannu ta bi cikin macijiyar da babban yatsa tun daga sama har ƙasa. Fuskarta ta canza.

"Lonzo, ƙwai can baya suke zama kusa da wutsiya, a jere, ɗaya bayan ɗaya. Wannan tun daga wuya ya faro, kuma a miƙe yake."

"Yawa ne, Inna. Sun kai arba'in, wuri ya yi musu kaɗan."

"Yaushe ka haɗa su?"

"Sirrin sana'a ne."

"Yau da safe," in ji Verna daga bayan zaure. "Kafin karin kumallo."

"Ta ci ɓera nawa kafin nan?"

"Ɓerayen suna cikin kujeruna, Inna, ko ɗaya bai rage ba."

Inna Odessa ta miƙe tsaye. Tana son ɗan macijin nan ƙwarai, ita ta raine shi tun yana kamar igiyar takalmi.

"Ina Percy?"

"Yana gida yana hutawa. Kin san gajiyar ango."

"Lonzo Gaskin, dubi idona. Ina Percy?"

Bai samu ya amsa ba, Magnolia ce ta amsa. Ramukan hanya da zafin mota da hannun mutum arba'in sun ishe ta. Ta sulale daga hannunsa zuwa kan teburin shugaba, tsakanin littafin taro da tulun shayi mai ƙanƙara. Ta gantsare, ta wage baki iya wagewa, jikinta ya shiga murɗawa daga ƙasa zuwa sama. Sai ga ɗan farin tsinin wutsiya ya leƙo.

Kowa ya zuba wa teburin ido. Mai hoto ma ya manta da abin da ke hannunsa.

Da wani mai hankali ne, daga nan zai nemi ƙofa. Lonzo ya share gumi, ya buɗe hannuwa ya fuskanci jama'a.

"Kun gani ko? Ta tsallake ƙwai ma gaba ɗaya. Ɗa take haifa kai tsaye."

"Ta baki, Lonzo?" in ji Verna.

"Ke dai ba ki san kimiyya ba."

Jaririn ya ci gaba da fitowa. Taƙi ɗaya, kamu ɗaya, kamu biyu, bai ƙare ba. Wani daga baya ya ce kai, wannan jariri da girmansa ya zo. Daga ƙarshe kai ya fito, abu ya zube a kan littafin taro, jiƙe sharkaf da yauƙi, a lanƙwashe, ba ya motsi. Inna Odessa ta cire mayafin wuyanta ta ɗauke shi, tana goge masa fuska tana kiran sunansa a hankali. Ba wanda ya yi dariya a lokacin, kowa tausayinta ya kama shi.

Can sai harshe ya fito, ya koma. Ashe da sauran kwanansa a gaba. Percy ya ɗaga kai da ƙyar, ya hango amaryarsa a kan teburi, ya juya ya zura kansa cikin jakar Inna, ya ja sauran jikinsa ya shige har wutsiya. Inna ta ja zip. Sannan ta ɗauki Magnolia ta mayar da ita rigar matashi, ta ɗaure, ta dubi Verna.

"Wa ya kama ta?"

"Ni ce, da kwandon wanki."

"Kin ba ni aronta?"

"Na ba ki kyauta, Inna. In kina son ɓeraye ma ki zo da mota."

A nan zaure ya fashe. Wasu suna dukan kujera, wasu suna share hawaye, mai hoto ya tuna da aikinsa ya shiga ɗaukar Lonzo, wanda yake tsaye hannu wofi, farar rigar coci duk yauƙi. Kuma wallahi bai haƙura ba. Ya jira dariya ta lafa, ya gyara bel, ya matsa kusa da shugaba ya rage murya, amma kowa yana ji.

"Shugaba, a bar wasa. Doka ta ce abin da ba wanda ya taɓa yi, a gaban shaidu. A duba maganar bangon nan."

Mista Elwood ya ɗaga littafin taro da yatsa biyu yana ɗiga, ya ajiye gefe. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dubi hotunan magabata bakwai ɗaya bayan ɗaya.

"Ka yi gaskiya, Farfesa, doka doka ce. Mutanen nan kowa ya haɗa mace da namiji ya samu 'ya'ya, ba wani abin mamaki. Sakatare, rubuta yadda za a sa a ƙarƙashin hoton, da manyan baƙaƙe: Lonzo Gaskin, mutum na farko da macijiyarsa ta haifi mijinta."